Kunyar Ɗan Auta a Kan Wa Take Sauka? Tsokaci a Kan Marasa Kunya Cikin Adabin Hausa

Tun ina aji ɗaya a wannan sashe nake jin wata kalma tana yawo a bakinmu ɗalibai duk sa'ad da aka ba mu aikin nazarin taurari. Da zarar tauraro ya yi ƙarya, ko ya ci amana, ko ya yi wa wani zamba, sai mu rubuta cewa marar kunya ne, mu ja layi a ƙarƙashi, mu wuce. Gizo marar kunya ne. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja marar kunya ne. Kyauta na Jiki Magayi marar kunya ne. Ɗan Auta na tatsuniya kuwa ba a ma magana. Ni kaina na rubuta haka a jarrabawa ba sau ɗaya ba, an kuwa ba ni maki. To, amma a 'yan kwanakin nan abin ya fara damuna, domin na lura mun zuba mutum huɗu cikin buhu ɗaya alhali ba halinsu ɗaya ba. Maƙasudin wannan ɗan tsokaci shi ne in kwance bakin buhun, in fito da su ɗaya bayan ɗaya, mu ga wane ne kunya ba ta kama shi da gaske, in kuwa ba ta kama shi, me yake ji a madadinta. Ina roƙon malamaina afuwa idan na yi shisshigi cikin fagen likitocin ƙwaƙwalwa. Aron ma'auninsu kawai zan yi, in na gama in mayar musu da abinsu.

Abin da ya tayar mini da maganar ba a littafi na tsince shi ba. Ni mutumin Masanawa ne, a ƙasar Kabo, kuma a wani ƙauye da ba shi da nisa da mu akwai wani mutum da zan kira Wane. Wane yana da fara'a, ga iya gaisuwa, ga daɗin baki. In ya durƙusa gaban tsohuwa yana tambayar ta ciwon ƙafa, sai ka rantse ita ta haife shi. Wata shekara, gab da faɗuwar damina, ya bi gida gida yana karɓar kuɗin mata da sunan zai sayo musu takin zamani da rahusa. Gwaggona tana cikinsu, tunkiyarta ta sa aka kai kasuwar Gwarzo aka sayar, ta damƙa masa kuɗin. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, aka yi maimai, babu taki babu dalilinsa. Da aka titsiye shi gaban dattawa a zaure, sai ya fashe da kuka, hawaye shaɓe-shaɓe, yana cewa sharrin Shaiɗan ne, a yafe masa. Har wasu dattawan suka koma ba shi haƙuri. A daren ranar nan da idona na gan shi a teburin mai shayi, yana kwaikwayon yadda wani dattijo ke girgiza kai, samari suna ta sheƙa dariya.

Ba wannan ne ya fi ɗaure mini kai ba. Bayan 'yan watanni, a wurin wani ɗaurin aure, yaron da ke raba goro ya tsallake shi, ko da gangan ko da mantuwa. Nan take idon Wane ya kaɗa ya yi ja, jikinsa ya ɗauki rawa, ya yi ta zage-zage har sai da aka riƙe shi, ya kuma shekara yana ƙullace da uban yaron. Da na koma gida na ce, "Gwaggo, ashe dai Wane yana jin kunya?" Sai ta ce, "Kai ɗan nan, har yanzu karatun bai ratsa ka ba. Wannan ai ba kunya ba ce, zafin raini ne. Mai jin kunya ƙasa yake kallo, shi kuwa neman wanda zai shaƙe yake yi."

Da wannan magana ta gwaggo zan fara awo.

Bahaushe ya ɗora wa kalmar kunya kaya da yawa. Akwai kunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, da wadda ke sa mutum ya kauce hanya in ya hango surukarsa. Wannan kara ce da ladabi. Akwai ta-ido, mai hana ka aikata abu don ana kallon ka. Akwai kuma wadda ke rufto wa mutum bayan asirinsa ya tonu, har ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya yi kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya jera kunya tare da gaskiya da amana da haƙuri da mutunci cikin siffofin mutumin kirki. Sai dai duk waɗannan ba su ne nadama ba. Kunya kanta take duba, tana tambaya yaya nake a idon jama'a. Nadama kuwa wanda aka cuta take duba, tana tambaya me na yi wa baiwar Allah nan, ta yaya zan gyara. Wata masaniya Ba'amurkiya, Helen Block Lewis, ta yi wannan rarrabewa a littafinta na 1971. June Tangney ta bi bayanta da bincike mai yawa, ta nuna cewa wanda kunyar tozarta ta fi kamawa yakan juya ta ta zama fushi da ɗora wa wasu laifi, mai nadama kuwa gyara yake nema. A 2014 ita da abokan aikinta suka buga sakamakon bin diddigin ɗaruruwan fursunoni, inda waɗanda suka fi saurin jin nadama suka fi ƙarancin komawa ga laifi cikin shekarar farko bayan sakinsu. Da na karanta wannan sai na yi murmushi, domin tun kafin a haifi Tangney Bahaushe ya raɗa wa wancan fushin suna, watau borin kunya. Shi ya sa ma ya ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta.

Yanzu sai mutumin da likitoci ke kira saikofat. Ni dai ban ga abin da ya fi dacewa da shi a Hausa kamar mai ƙeƙasasshiyar zuciya ba, ko da yake tantiri da taƙadari da kangararre duk suna taɓa gefensa. Ba mahaukaci ba ne. Ya san daidai ya san akasinsa, yana kuma iya tsara magana fiye da ni da kai. Wanda ya fi shahara wajen zana kamanninsa shi ne Hervey Cleckley, wani likita a jihar Jojiya ta Amurka, cikin littafinsa na 1941, wanda ma'anar sunansa ita ce lulluɓin hankali: mutum ya yafa mayafin lafiya a waje, ciki kuwa fayau. A bugun baya na littafin ya tsayar da siffofi 16, cikinsu har da fara'ar yaudara, da ƙarya, da rashin ɗaukar darasi daga wuya, da rashin nadama ko kunya. Daga baya Robert Hare na Kanada ya mayar da irin waɗannan siffofi ma'auni a 1980, ya sabunta shi a 1991 ya zama abubuwa 20, jimlar makinsu 40. Kada kuma mai karatu ya ɗauka ciwon Turawa ne. A 1976 Jane Murphy ta ba da rahoton cewa Yarabawan da ta yi bincike a cikinsu suna da kalmar arankan, wadda suke kiran mutum mai bin son ransa ba ruwansa da kowa, mai taurin kai da mugun nufi.

Abin lura a nan shi ne Cleckley bai ce irin wannan mutum ba ya jin kome ba. Ya ce yana jin haushi, yana ƙullata, yana tausaya wa kansa, yana da ɗagawa irin ta yara, yana kuma iya tayar da ƙurar nuna an ci masa mutunci. Abin da ba ya kai wa gare shi shi ne baƙin ciki mai zurfi, da ƙauna mai ɗorewa, da nadama. Ashe ke nan rijiyar ba ƙafewa ta yi ba, ruwan ne iya idon sawu. Masu binciken da suka biyo baya sun yi ƙoƙarin gano dalili. A 1957 David Lykken ya gwada fursunoni a Amurka: sai a kaɗa ƙararrawa, jim kaɗan a ɗana musu lantarki. Mutum irina da kai, in aka maimaita haka, da jin ƙararrawa tafin hannunsa zai fara gumi don fargaba. Su kuwa masu wannan hali gumin nasu kaɗan ne ƙwarai. Watau jikinsu ba ya koyon tsoron abin da ke tafe. James Blair da wasunsa kuma sun nuna cewa yana yi musu wuya su gane alamar tsoro a fuskar wani, suka danganta haka da wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala. To, wanda ba ya fargabar gobe, ba ya kuma karanta firgici a idon ɗan'uwansa, ina kunya za ta sami wurin kama shi?

Akwai gwaji biyu na baya-bayan nan da suka ƙara mini haske. A 2013, a ƙasar Holan, Harma Meffert da Christian Keysers suka nuna wa wasu masu laifi irin waɗannan hotunan hannu ana shafa shi ko ana bugun sa, suna duban ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Sassan da ke motsawa in mutum ya ji wa wani zafi ba su motsa sosai ba, amma da aka umarce su da su sa kansu a matsayin mai hannun, sai bambancinsu da sauran mutane ya ragu ƙwarai. Ke nan tausayin yana nan kamar fitila, sai dai ba ta kunna kanta. A 2016 kuma Arielle Baskin-Sommers ta Jami'ar Yale da abokan aikinta suka yi gwaji da wani wasan caca, suka ga masu wannan hali suna jin zafin da-na-sani in suka ga abin da ya kuɓuce musu, amma zafin ba ya gyara zaɓinsu na gaba. Bahaushe ya ce da-na-sani ƙeya ce. A wurin yawancinmu ƙeyar jiya ita ke zama goshin gobe, su kuwa tasu a baya take zama har abada. Sa'an nan tun a 1941 Benjamin Karpman ya raba su gida biyu: akwai na asali, mai sanyin jini, akwai kuma wanda wuya da wulakanci suka ƙeƙasa, wanda a ƙarƙashin taurinsa fargaba da ƙunci ne cunkushe. Wannan na biyu shi ne sarkin borin kunya.

Da wannan ma'auni a hannu, bari mu koma ga mutanen cikin buhu.

Gizo ba zai ɗauke mu lokaci ba. Maƙaryaci ne, makwaɗaici ne, yana cutar Ƙoƙi yana cutar baƙo. Amma Gizo matsoraci ne na ƙarshe. Duk dabararsa daga tsoro da yunwa take fitowa, domin shi ƙarami ne a dajin da Zaki da Kura ke mulki, kuma da asirinsa ya tonu sai gudu da ɓuya. Wanda ke rawar jiki in ya ji gurnanin Zaki ba shi ne mutumin Lykken ba. A gidan Gizo zan ajiye ɓarayin Idon Matambayi, littafin namu na gida, wanda Malam Muhammadu Gwarzo ya rubuta ya shiga cikin littattafai biyar na farko da suka fito bayan gasar da Dokta R. M. East ya shirya a Zariya a 1933. Wayo ne jarinsu, wannan ya zambaci wancan, kuma mai karatu dabarar yake bi, ba zuciyar mai dabarar ba.

Alhaji Imam ya fi wuyar sha'ani. Dubi inda ya shiga wani gari ya yi shigar malanta alhali ba shi da karatun, Malam Zurƙe ya zo zai tona shi, shi kuwa ya zana wani lanƙwasasshen abu a ƙasa ya ce a faɗi ko mene ne. Zurƙe ya kira shi da sunan harafi, Alhaji da mutanen gari suka ce jinjirin wata ne, aka kori mai ilimi aka bar jahili a kan buzu. Alhaji bai nuna ko ɗigon nadama ba, mu ma masu karatu dariya muke yi. Duk wanda ya tsaya a nan zai ce ga saikofat. To, amma me ya fitar da Alhaji daga gida tun farko? Liman, mijin uwarsa wanda ya riƙe shi, shi aka kunyata a fada don ya ce ruwan Bagaja ne zai warkar da ɗan Sarki. Alhaji ya ga baƙin cikin dattijon nan, ya ɗauki kunyar ya aza wa kansa, ya shiga duniya shekara da shekaru don ya wanke ta. Mutumin da zai sha wannan wuya saboda an muzanta wani, ba saboda an muzanta shi ba, zuciyarsa ba ta ƙeƙashe ba. Abin da Alhaji Abubakar Imam ya zana mana shi ne mutumin da kunyarsa ke da iyakar ƙasa: a gida tana aiki, da ya ƙetare ganuwa sai ya tuɓe ta ya rataye. Wannan hali ne da muka sani sarai, har a tsakanin waɗanda ke zuwa ci-rani, ba kuwa ciwo ba ne.

Jiki Magayi, na John Tafida da East, shi ne littafin da ya fi sauran shiga cikin maganar kunya, kuma a ganina mun daɗe muna karanta shi a karkace. Mukan ɗora idonmu kan Kyauta, yaron da ya tashi da sata har ya zubar da mutuncin gidansu, daga bisani ya kashe ubansa bai san shi ba ne. Amma Kyauta ba shi ya zaɓi halinsa ba, asiri aka yi masa, kuma da gaskiya ta bayyana gare shi abin ya dake shi. Wanda abin da ya aikata ke iya dukan zuciyarsa haka bai shiga ma'aunin Cleckley ba. Wanda ya kamata mu duba shi ne Abubakar. Malam Shaihu ya fi shi dukiya, ya raba shi da Zainabu, ya bar shi abin nuni a gari. Abubakar bai nemi dukiyar Malam Shaihu ba, bai kuma tare shi da makami ba. Abin da ya yi tafiya mai nisa ya sha wuya dominsa shi ne ya mayar wa abokin gabarsa da ainihin abin da aka ɗanɗana masa, watau kunya, ta hanyar lalata masa ɗan da ya daɗe yana nema. Wannan borin kunya ne da aka dafa shi shekaru har ya yi sanyi ya daskare. In akwai mutumin Karpman na biyu a adabinmu, to Abubakar ne. Inda nake ganin littafin ya gaza shi ne wajen Kyauta: da marubutan suka tashi nuna yaro mai sata ba ta-ido, sai suka kasa yarda cewa ɗan malami zai iya tashi haka ba tare da sammu ba. Har yau haka muke yi a ƙauye. Uwar Wane ta sha cewa jifa aka yi wa ɗanta, ba kuwa wanda ya iya buɗe baki ya musa mata.

Saura Ɗan Auta, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Tatsuniyar tana da ruwayoyi da dama, ni zan bi wadda kakata ta yi mana a tsakar gida. Iyaye za su mutu, suka bar wa 'yarsu ƙaninta da rumbunan hatsi, da wasiyya guda: kada ta bari Auta ya yi kuka. Ba a jima ba Auta ya ce zai sa wa rumbu wuta. Ta hana, ya buɗe baki zai yi kuka, ta ƙyale shi, abincinsu ya ƙone ƙurmus. Ta goya shi suka shiga duniya. Aka sauke su a gidan Sarki aka karrama su, Auta ya tsone wa ɗan Sarki ido. Suka gudu suka hau itace, Sarki da jama'arsa suka zo ƙarƙashi suna hutawa, Auta ya ce sai ya yi wa Sarki ƙazanta a ka. Ana cikin saran itacen wata babbar tsuntsuwa ta zo ta ɗauke su don tausayi, suna sararin sama Auta ya ce sai ya tsokane ta, ta kuwa watsar da su.

Duba da kyau, ya mai karatu. Babu ko ɗaya cikin ayyukan nan da ya amfani Auta. Gizo in ya yi ɓarna ciki yake cikawa, Alhaji in ya yi zamba kuɗi ko mafaka yake samu, Abubakar fansa yake ɗauka. Auta kuwa abincin da zai ci ya ƙona, mai masaukinsa ya cuta, tsuntsuwar da ke riƙe da ransa a sama ya tsokana. Cleckley ya sa wannan cikin siffofinsa, watau ɓarnar da ba ta da wani dalilin kirki. Ba ya tsoron faɗowa, ba ya tsoron takobin Sarki, wuyar jiya ba ta hana shi ta yau. Ba mu taɓa jin ya sunkuyar da kai ba. Abu biyu kaɗai tatsuniyar ta nuna yana ji: marmarin abin da ya gani yanzu yanzu, da ƙunci in an hana shi. Kukansa ma ba na baƙin ciki ba ne, makami ne. Ya gane cewa yayarsa tana da abin da shi ba shi da shi, watau amana da tsoron saɓa wa iyaye, sai ya mayar da wannan linzami yana juya ta da shi. Da na tuna hawayen Wane a zaure, sai na ga ashe tun ina ɗan shekara shida aka ba ni labarinsa.

Na san wani ɗan'uwa ɗalibi zai ce ai taurarin tatsuniya duk haka suke, ba a shiga cikin zuciyarsu, don haka shirun da aka yi game da kunyar Auta ba hujja ba ce. Amsata ita ce a dubi yayar. Tatsuniyar nan ɗaya ta nuna mana tsoronta, da roƙonta, da kukanta, da yadda take ba mutane haƙuri. Ashe mai tatsuniya ta iya nuna zuciya in ta ga dama. Shirun da ta yi a kan Auta da gangan ne. Wani kuma zai ce darasin tatsuniyar bai wuce illar sangarta yaro ba, haka ma kakata takan rufe ta. Ban musa ba, amma ina da tambaya: me ya sa iyayen suka bar wannan wasiyya tun farko? Ni a tawa fahimtar sun riga sun ga abin da ke cikin ɗansu. Masana ma ba su ɗora abin kan tarbiyya kaɗai ba. Binciken da Essi Viding da abokan aikinta suka yi kan tagwaye 'yan shekara 7 a Ingila, wanda aka buga a 2005, ya nuna gado yana da babban kaso cikin wannan ƙeƙashewar zuciya, ko da yake wasu binciken sun nuna riƙo mai taushi da yabon abin kirki suna rage kaifinta. Duk da haka likitoci ba sa liƙa wa yaro wannan suna, ni ma ba ina cewa kowa ya koma unguwarsu ya fara nuna 'ya'yan maƙwabta da yatsa ba ne. Ko Wane ban isa in yanke masa hukunci ba, kamanni kawai na gani.

Ƙarshen tatsuniyar shi ne wurin da ta fi littattafanmu ƙarfin hali. Suka faɗa wani gari inda Dodo ke zuwa kowane dare yana kirari yana neman wanda ya isa ya amsa masa, kowa ya kulle ƙofa yana makyarkyata. Auta ya ce shi sai ya amsa. Yayar ta roƙe shi, ya buɗe baki zai yi kuka, ta ƙyale shi kamar kullum. Ya gasa duwatsu a wuta, ya amsa wa Dodo, ya jefa masa su a baki, Dodo ya mutu. Gari ya waye Sarki ya nemi wanda ya yi wannan aiki, aka gano Auta ne, aka ɗaukaka shi. A lura, Auta bai tuba ba, bai sake hali ba. Abin da ya sa ya ƙona rumbu shi ne dai ya sa ya amsa wa Dodo: an ce kada a yi, shi kuwa ba ya jin tsoro. Lykken da kansa yana da ra'ayin cewa jarumi da mai ƙeƙasasshiyar zuciya daga tushe ɗaya suke tsirowa. Littattafan shekarun 1930 don 'yan makaranta aka shirya su, saboda haka dole mugu ya girbi abin da ya shuka, kamar yadda Wazirin Magana Jari Ce ya girba. Tatsuniya kuwa ba ta bi ta hannun hukumar talifi ba. Tsofaffin mata ne suka riƙe ta, su kuwa sun sha ganin Auta ya girma ya sami sarauta, mutanen da ya ƙona wa rumbu suna cikin masu zuwa gaisuwa.

To, kunyar duk ɓarnar nan ina ta tafi? Tatsuniyar ba ta bar ta ta watse a iska ba. A bakin kakata yarinyar nan ko suna ba ta da shi, yayar Auta kawai ake ce mata, ita ce kuma ke goye da shi daga farkon labari har ƙarshe. Ita ke gudu, ita ke sunkuyar da kai gaban mai masauki, ita ke jin nauyin idon ɗan Sarki. Mu da muke nazarin tauraro mukan bi mai aikata abu mu manta da mai ɗaukar sa, shi ya sa ban taɓa jin an tattauna ita a ajinmu ba. A wurin Bahaushe kunya ba kayan mutum ɗaya ba ce, ta gida ce, in wanda ya jawo ta ya ƙi ɗauka sai ta gangara kan na kusa da shi, galibi kuwa mace.

Uwar Wane ta fi shekara ba ta taka gidan biki ko suna ba. Bayan an yi girbi, wani dare bayan sallar lisha, yayarsa ta yi sallama gidanmu, ta shiga ɗakin gwaggo ta zauna a bakin ƙofa, ta ƙi hawa tabarma. Ta kwance bakin zanenta ta fito da kuɗi, kwanonin jerenta ta sayar. Har ta gama magana ba ta ɗaga kai ba. Gwaggo ta ƙirga, ta ɗauki rabi, ta tura mata rabi ta ce, "Tashi ki tafi, 'yar nan, ba ke kika ci ba." A lokacin Wane yana Kano, an ce an gan shi wajen Ƙofar Ruwa cikin sabuwar shadda, yana yi wa wasu mutane bayanin wani fili da zai sayar musu.